Mahmudu Mai Ruwa da Kwalbar Kolonya

Akwai wani mai ga-ruwa a unguwar Mansur ta Makka, cikin shekarun 1940, ana ce masa Mahmudu. Da ƙafa ya taso daga Damagaram. A Sudan ya binne matarsa Maryama, a can kuma ya koyi shan giyar dabino don ya rage tunani.

A Makka ba a sayar da giya, amma akwai Hashimu mai turare, ɗan garinsu. Bayan la'asar sai ya zo da kwalbar kolonya, wani turaren ruwa mai sa maye, su sirka da ruwa su sha a ɓoye, suna hirar gida. Duk faɗin garin nan, shi kaɗai ke leƙa ɗakin Mahmudu.

Wata rana ciwo ya kayar da Mahmudu da garwa biyu a kafaɗa. Ciki na suka har gadon baya, ga amai. Wani likita Bamisire ya duba shi, ya yi ƙasa da murya.

"Wata tsoka ce bayan tumbinka ta kumbura, abin da kake sha ne ya jawo. Ba zan gaya wa kowa ba. Amma in ka koma, ciwon zai dawo, kuma ba lallai ka tashi ba."

Da ya warware, Hashimu ya zo da kwalbarsa.

"Ɗan kaɗan fa, ya akhi."

"Khalas, Hashimu. Ka zo mu sha shayi, ina son hirarka. Wannan kam na bari."

"Au, ka zama shehi ke nan?"

Ya fita, bai ƙara dawowa ba.

Nan kaɗaici ya ci Mahmudu. In la'asar ta yi, sai ya dafa shayi, ya zauna yana kallon ƙofa. Sau da yawa yakan kama hanyar shagon turare, sai ya tuna sukar cikin nan, ya juyo yana share hawaye. Ba mai ce masa sannu, don ba wanda ya san yaƙin da yake yi.

Ana nan sai ya ji shagon Hashimu ya kwana biyu a rufe. Ya tarar da shi a ɗaki, duƙunƙune, riƙe da ciki. Ya saɓa shi a kafaɗa sai wurin likita.

A hanya Hashimu ya ce da kyar, "Ni da na guje ka?"

"Yi shiru. Mu biyu muka rage daga gida. In ka mutu, da wa zan yi Hausar Damagaram?"

Darasi: Mai ƙaunarka na gaskiya ba zai miƙa maka abin da zai kashe ka ba. In likita ya ce ka bar giya, ka bari ko da zama kai kaɗai zai biyo baya. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na wannan yaƙi a ɓoye.