Maharbin da Ya Shiga Gaban Garke

Ranar Laraba ce, ƙarshen damina. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta kai ƙugu. A ranar Tunau maharbi ya fito daga daji, ya tarar da wata tsohuwa zaune ita kaɗai a tsakiyar shanu. Haka na ji daga kakana, ban ƙara komai ba.

A zamanin babu gari a nan, sai ɓauna da giwa. Tunau ya san su duka. Kirarinsa: na Gayya, mai shan ruwa inda zaki ya sha, kibiyarka ba ta dawowa da ƙishi.

Tsohuwar Bafulatana ce, sunanta Inna Jebbu. Shanunta farare ne tas, masu baƙin kunne da baƙin hanci, ƙahonsu kamar jinjirin wata. Tun kakanninta ba a taɓa gauraya jininsu da na wasu ba. 'Ya'yanta maza duk sun rasu.

Makiyayan yankin suna da al'ada. In kaka ta yi, kowa zai kai garkensa bakin gulbi a gani, ya ƙetare da shi gaban Arɗo, shugabansu. Garken da ya rasa mai ƙetarar da shi, sai a raba shi ga jama'a. In aka raba na Inna Jebbu, irin ya ɓace ke nan.

Ta ba Tunau nono a ƙwarya. Ya shanye, ya ji labarin, ya ce, "Inna, ni zan kai su."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da kake warin jini?"

Ya zauna yana koyon kiwo. Ya iya tatsa, ya iya cire kaska, ya iya jiƙa musu kanwa. Abu ɗaya ya gagare shi. Duk sanda ya tashi kora su, sai ya kewaya ta bayansu, ta inda iska ba za ta kai musu warinsa ba, yana sanɗa, baka a kafaɗa. Haka ƙafarsa ta saba. Shanun kuwa da sun ji motsi a baya sai su watse. Inna Jebbu tana kallo kawai. Ba a koya wa babba tafiya.

Ranar gani ta zo. Garkuna suka cika bakin gulbi, an wanke su, an shafe ƙahonsu da man shanu. Da Arɗo Gorko ya hango Tunau, ya yi dariya.

"Kai Kaɗo, saniya kake kallo ko kilishi?"

"Ranka ya daɗe, yau dai saniya ce."

Aka ba shi fili. Ya kewaya baya kamar kullum. Shanun suka iso bakin ruwa, suka tsaya cik. Ya yi tsawa, suka fara juyawa za su fashe. Samari suka soma nuna wadda kowa zai ɗauka.

Sai Inna Jebbu ta dogara sandarta ta zo kusa da shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, dabbar da kake bi ta baya, kashe ta za ka yi, kuma ta sani. Wadda kake so ta rayu, gabanta ake shiga."

Tunau bai taɓa juya wa mai ƙaho baya ba. Ɓauna ta koya masa haka, tabon yana cinyarsa. Ya dubi ƙahonnin shanun. Sannan ya sauke baka da kwari, ya ajiye a ƙasa, ya ratsa tsakiyar garken hannu wofi. Ya wuce bijimin garken, ya wuce Auduga, uwar garke, ya shiga ruwa bai waiwaya ba.

Ruwa ya kai masa ƙirji. Ya ji huci mai ɗumi a ƙeyarsa. Auduga ce. Bayanta sauran suka biyo a jere, ƙaho kusa da ƙaho, kamar an shimfiɗa farin zane a kan gulbi. An ce kadoji sun fito kan yashi sun kwanta har garken ya wuce.

Arɗo Gorko ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Inna, shanunki sun yi ɗa. Ba mai taɓa su."

Daga garken nan fararen shanunmu suka fito. Har yau, ranar gani, ba mai tsayawa bayan dabbarsa. Mai ita ne a gaba, hannu wofi. Wanda ya waiwaya ya faɗi.

Washegari da safe Tunau ya ɗauki bakansa ya rataye a reshen tsamiyar da ke bakin gulbi, daga nan garinmu ya samo sunansa, Rataye. Sannan ya ɗauki ƙwarya, ya tafi tatsa.