Fistin da Gam ɗin Takalmi

Akwai wani mutum, tsohon makanikin reluwe, wanda in ya fara ba da labari sai ka rantse shi ya koya wa ƙarfe tauri. Yakan bugi ƙirji ya ce, "Abin da hannun nan ya ɗaure, sai ranar tashin matattu zai kwance."

Yana da aboki, Baba Irmiya, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ciwo ya kwantar. Irmiya ya ce masa, "Mutumina, kafin Ubangiji ya kira ni, ina so in ƙara ganin jirgin tururi yana tafiya, ko da ɗan ƙarami ne."

"Ɗan ƙarami? Ai da ido a rufe zan ƙera shi!"

Ya kuwa ƙera, tagulla sai walƙiya take. Sai ya zo kan fistin, wato ɗan ƙarfen da tururi ke turawa cikin silinda, shi ya tura sanda, sanda ta juya ƙafafun jirgi. Dole a murɗa sandar cikin fistin ta kama sosai. Amma ramin da ya huda a jikin fistin ya yi faɗi, sanda tana lilo. Gyaransa shi ne a sake sabo, gwanin namu kuwa ba ya sake aiki. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɗauko gam ɗin da matarsa Rifkatu ke liƙe takalmi da shi, ya ɗiga, ya rufe silinda. Wa zai leƙa ciki?

Aka fito da Irmiya tsakar gida a kan kujera. Aka hura gawayi, ruwa ya tafasa, usur ya yi ƙara. Irmiya ya yunƙura, idonsa ya kawo ruwa. Jirgi ya matsa taki ɗaya, ya tsaya cik. Zafi ya narkar da gam, fistin ya rabu da sanda. Sai huci kawai.

Irmiya ya ce, "Ba komai. Ku mai da ni ɗaki." Bai sake fitowa da rai ba.

A wurin zaman makoki mutumin nan yana ta faɗi, "Gawayin zamanin nan ne, ba shi da ƙarfi."

Rifkatu ta ajiye tulun ruwa, ta ce, "Maigida, gawayi ne ya yi warin gam ɗin takalmina?"

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Fistin zuciyarka ce, sanda kuwa ayyukanka. Mahaɗinsu yana inda idon mutum ba ya kaiwa, can ne muke ha'inci. Muddin ba zafi, bangaskiyar liƙi takan wuce a ikilisiya, har da usur. Amma wuta tana zuwa. Ranar nan kuwa ba kai kaɗai za ka ji kunya ba. Akwai wanda ya dogara da kai, ba lalle ne ya kai gobe ba.