Dogon Layin Gauraka

An yi wani Gauraka a Fadamar Kanya, dogo, mai tukku kamar an zuba masa zinariya a ka. Kyau kam Allah ya ba shi, ba mai musu. Damuwar ita ce shi ma ya sani, kuma ba ya bari kowa ya manta.

A fadamar kuma akwai Damo, sarkin haƙuri. Ba kyau, ba murya, fata duk kaushi. Sai dai in ya ce maka gobe, to goben ce.

Sauran mazauna wurin, mafi yawansu kwaɗi ne da gafiyoyi, kuma ba sa ga maciji da juna. Ruwan tafki ne ya raba su. Da damina tafkin ya yi ambaliya, ya shiga ramukan gafiyoyi, ya jiƙa musu gyaɗa, wani lokaci har ya tafi da 'ya'yansu. Da rani kuma ya ƙafe ƙaf, 'ya'yan kwaɗi su mutu a cikin taɓo. Kwaɗi na so a toshe bakin tafkin, ruwa ya tsaya. Gafiyoyi na so a fasa gaɓa, ruwa ya wuce. Shekara da shekaru ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Wata rana Majalisar Dawa ta aiko da sanarwa, kowace mazaɓa ta zaɓi wakili. Giwaye za su riƙa yi wa kowace mazaɓa aiki ɗaya tak a shekara, kuma wakili ne zai faɗi aikin a zauren majalisa.

Gauraka ya ji, zuciyarsa ta yi fari. Shi ruwa bai dame shi ba, ƙafafunsa dogaye ne, in fadama ta bushe kuma yana da fukafukai. Abin da yake hange shi ne kujera kusa da Zaki, ana ce masa mai girma ɗan majalisa. Nan take ya fito takara. Damo ma ya fito, bayan ya kwana uku yana tunani.

Da hantsi Gauraka ya sauka unguwar kwaɗi, ya raba musu fara, sannan ya ja shugabansu Baba Kwaɗo gefe.

"Baba, shekara nawa kuna binne 'ya'yanku a taɓo?"

"Yallaɓai, mun daina ƙirgawa."

"To an gama! Ku ba ni ƙuri'a, ranar farko zan sa giwaye su toshe bakin tafkin nan. Ruwa har ku gaji da shi. Amma maganar nan tsakaninmu ce, kada gafiyoyi su ji su ɓata mana shiri."

Baba Kwaɗo ya yi dariya har maƙogwaronsa ya kumbura. "Su ji a bakin wa? Mu da ko sallama ba ta haɗa mu!"

Da la'asar sai ga Gauraka a unguwar gafiyoyi da kwandon gyaɗa. Ya durƙusa, wai shi mai ladabi, a gaban Gwaggo Gafiya, wadda duk gafiyoyi ke jin maganarta.

"Gwaggo, bara jikoki nawa ruwa ya ci miki?"

"Huɗu," in ji ta, idanunta suka kawo ƙwalla.

"Daga bana an daina! Ranar farko zan sa giwaye su fasa gaɓar tafkin nan, ruwa ya kama gabansa. Amma kada kwaɗi su ji."

"Waɗancan masu kukan banza? Allah ya raba ni da yi musu magana."

Gauraka ya tashi sama yana murmushi. Ya san aiki ɗaya ne, ya san ba a toshewa kuma a fasa. Amma ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar wannan bango ta isa ta ɗauke shi har da tukkunsa.

Shi ko Damo bai bi kowa gida ba. Gindin kanya ya kira taro, kowa da kowa. Kwaɗi suka zauna gabas, gafiyoyi yamma, tsakaninsu fili kamar na sukuwa.

"Jama'a," in ji Damo, "in kun zaɓe ni, zan roƙi giwaye su yashe tsakiyar tafki, ya ƙara zurfi. Mai zurfi ya fi riƙe ruwa da rani, kuma ba ya saurin malala da damina."

"Ruwan zai cika har shekara ta zagayo?" Baba Kwaɗo ya tambaya.

"A'a, Baba. Zai ragu ƙwarai. Ina dai sa ran ba zai ƙare ba."

"Ramukanmu fa?" in ji Gwaggo Gafiya. "Ruwa ba zai shiga ba?"

"Na tudu ba zai shiga ba. Na gangare, irin naki, Gwaggo, sai kun matsa sama."

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Ni? Ramin da aka haifi kakata? Kai Damo, ƙuri'a kake nema ko faɗa?"

"Wannan ko alkawari bai iya ba!" in ji Baba Kwaɗo. "Kowa na zuwa da tuwo, shi ya zo da tsaki!"

Aka yi masa ihu. Karon farko ke nan da kwaɗi da gafiyoyi suka yarda a kan abu ɗaya. Damo ya jira hayaniya ta lafa, ya ce, "Alkawari kaya ne. Na ɗauki daidai wuyana." Aka watse aka bar shi shi kaɗai a gindin kanya, kuma ba na ɓoye muku, abin ya yi masa ciwo.

Ranar zaɓe ta zo. A Fadamar Kanya ba a jefa ƙuri'a a akwati. Ɗan takara ne ke tsayawa, masu sonsa su yi layi a bayansa, baturen zaɓe ya ƙirga. Burtu ne baturen zaɓen, tsoho mai takama, wanda ba ya wasa da doka.

Bayan Damo mutum bakwai ne, yawanci danginsa. Bayan Gauraka kuwa jama'a ta yi dafifi, sai dai layi biyu suka yi, kwaɗi nasu, gafiyoyi nasu.

Gauraka ya duba, ya ɓata rai. "Mene ne wannan? Layuka biyu gajeru kamar na ɗan takarar kansila? A haɗe su! Kwaɗo ɗaya, gafiya ɗaya, har layi ya kai gindin kuka!"

"Ɗan takara," in ji Burtu, "layi biyu ma ana ƙirgawa."

"Ba ƙirgawa nake magana ba, Malam Burtu. Na gayyaci baƙi daga mazaɓu huɗu. So nake su gani da idonsu, su kai labari cewa Gauraka ne ya haɗa kwaɗo da gafiya a layi ɗaya, abin da ya gagari kakanni. Kuma ba za a fara ƙidaya ba sai sun iso."

"Doka ta ba ka har rana ta take tsaka," in ji Burtu. "Amma ka sani, da zarar ɗan takara ya ba layinsa baya, ba waiwaye sai na gama ƙidaya. An yi haka ne don kada a tsorata mai zaɓe da ido. Wanda ya waiwaya ya faɗi."

"In waiwaya in ga me? Na san abin da ke bayana."

Aka haɗe layi, ana gunaguni ana harare-harare. Gauraka ya juya, ya miƙe wuya, ya buɗe fukafukai rana na dukan tukkunsa. A sahun gaba, dab da jelarsa, Baba Kwaɗo ne, Gwaggo Gafiya na biye.

Tsayuwa ta yi tsawo, rana ta fara zafi. Tsofaffin nan biyu kowa ya cika fam, kowa na jin nasara a aljihunsa. Mai jin nasara kuwa bakinsa ƙaiƙayi yake yi.

"Ke Gafiya, matsa, kina taka ni."

"Ka yi haƙuri, Kwaɗo. Na kwana nawa ne? Ka sha iyo bana, ka ƙoshi."

"Ni kike wa gori? Ke dai ki fara koyon iyon, don baɗi har ɗakinki zan zo wanka."

"Da wane ruwan? Wanda za a kora?"

"Wanda za a tsare dai!"

"Wa zai tsare shi?"

Baba Kwaɗo ya manta da sirri, ya nuna jelar da ke gabansa. "Wannan! Ranar farko zai sa a toshe."

Gwaggo ta matso kusa da shi. Ta ce a hankali, "Kwaɗo, ranar farko ya ce zai sa a fasa. A gabana ya durƙusa ya faɗa. Har jikokina ya tambaya."

Suka dubi juna, duban da ba su taɓa yi ba tun suna yara.

Baba Kwaɗo ya gyara murya. "Yallaɓai, tambaya gare mu. Toshewa za a yi ko fasawa?"

Gauraka ya ji su sarai, amma ba dama ya juya. Ya ce, "Baba, harkar majalisa sai 'yan majalisa. Akwai hikimomi."

"Ba hikima muka tambaya ba," in ji Gwaggo. "Toshewa ko fasawa?"

Da ya sauke kai ya nemi gafara a lokacin, wa ya sani? Amma sai ya hango baƙinsa sun ɓullo daga nesa, girman kai ya motsa.

"Ku yi mini shiru! Masu layi ba sa yi wa mai kujera tambaya. Ku tsaya a ƙirga ku, shi ne aikinku!"

Gwaggo ta juya ta raɗa wa kwaɗon da ke bayanta. Kwaɗon ya raɗa wa gafiyar da ke bayansa. Da layi biyu ne, da maganar ta tsaya a gaba. Amma Gauraka da kansa ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kowane kwaɗo da gafiyar da zai tambaya. "Ku me ya ce muku?" "Ku fa?" Kafin baƙi su gama zama, magana ta kai gindin kuka.

Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi jifa. Wannan shi ne abin da nake alfahari da mutanen Fadamar Kanya a kansa. Baba Kwaɗo ya yi tsalle ɗaya ya fita daga layi. Gwaggo ta tsaya jim, don ta san layin Damo na nufin barin ramin kakarta. Sannan ta ce, "Gara wanda ya ɓata mini rai a gaban kowa da wanda ya share mini hawaye da ƙarya." Ta bi bayan Kwaɗo.

Gauraka na jin takun ƙafafu a bayansa, tsalle-tsalle da sanɗa. Ya ƙara miƙe wuya, ya ce wa baƙi, "Kun ji ko? Har yanzu ƙaruwa suke yi!"

Baƙi suka dubi bayansa, suka dubi juna. Wani ya rufe baki da fiffike.

Rana ta take tsaka. Burtu ya taka a hankali ya ƙirga layin Damo, ya daɗe yana ƙirgawa. Sannan ya zo bayan Gauraka, bai daɗe ba.

"Damo, ɗari uku da goma sha biyu. Gauraka, ɗaya."

"Ɗaya me? Dubu ɗaya?"

"Ɗaya. Yanzu kana iya waiwayawa."

Gauraka ya juya. Fili fetal har gindin kuka, sai Hawainiya ita kaɗai, ƙafa ɗaya a sama.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar halak!" in ji shi.

"Kada ka gode mini," in ji Hawainiya. "Tafiya nake yi, sauri ne ba ni da shi."

Dariya ta ɓarke har baƙi na faɗuwa. Gauraka ya tashi sama ba sallama. Labarin da ya so a kai mazaɓu huɗu an kai shi, kuma ba a rage komai ba.

Aka ɗaga Damo sama, aka ce ya yi jawabi. Ya ce, "Na gode. Ban ƙara komai a kan abin da na faɗa a gindin kanya ba. Gwaggo, har yanzu sai kin matsa sama."

"Na ji, mara kunya!" in ji Gwaggo. "In ka dawo daga majalisar, kai za ka taya ni haƙa."

Ya ko taya ta. Giwaye suka zo suka yashe tafki. Da damina ruwa ya cika ramukan gangare, amma ba kowa a ciki, Gwaggo ta fita damina da jikokinta cif. Da rani ruwa ya ja baya sosai, har kwaɗi suka fara zagin Damo, sai dai ya tsaya a tsakiya, bai ƙare ba. A shekarar Baba Kwaɗo bai binne ɗa ko ɗaya ba.

Kada ku ɗauka faɗa ya ƙare. Har gobe Kwaɗo da Gafiya in sun haɗu sai sun yi cacar baki. Amma duk ranar da wani ɗan takara ya sauka fadamar da kwando da zaƙin baki, kafin ya kai ƙarshen unguwa za ka ga Gwaggo ta gangara bakin tafki tana kira, "Kai Kwaɗo, fito! Ku me ya ce muku?"

Darasin wannan labari shi ne, alkawarin da ba a iya faɗa a gaban kowa ba alkawari ba ne, tarko ne. Mai baki biyu da rabuwar kanku yake cin abinci, ranar da kuka tambayi juna kasuwarsa ta watse. Girman kai kuwa rawanin tsiya ne, shi ke sa mutum ya haƙa ramin da zai faɗa. Yara, in kun girma aka zo neman ƙuri'arku, ku riƙe wanda ya faɗa muku gaskiya ko da ɗaci, kuma ku tambayi maƙwabci abin da aka ce masa.