Ranar da Gauraka Ya Yi Langa Shi Kaɗai

An yi wani Gauraka a fadamar Bakin Gamba, dogo, mai tukku ruwan zinariya, wanda duk tsuntsayen yankin suka yarda babu kamarsa a wasan langa. Shi ma ya yarda da haka, har ya fi su yarda.

A fadamar akwai wani tsohon Burtu, baƙi wuluk, mai haƙuri da ƙarancin magana. Shi ne mai koyar da 'yan wasa. Can cikin ciyawar gamba da ta kewaye filin kuwa akwai Dila, mai zaƙin baki, wanda cikinsa bai taɓa cika ba.

Ga yadda tsuntsaye ke yin langarsu. Kowa zai naɗe ƙafa ɗaya, ya yi ta tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare yana da ɗan wasa guda da ake kira ruwa, shi ne zai ratsa abokan karawa ya je ya taɓa surin da ke ƙarshen fili. In ya taɓa, ɓangarensa ya ci. Sauran kuwa su ne dawakai, aikinsu su tare masa hanya, su bangaje duk wanda ya nufo shi. Wanda ya sauke ƙafa ya fita daga wasa.

Da yake tsuntsu ba shi da amana in ya ji wuya, kafin a fara sai a ɗaure wa kowa fukafukai da igiyar kaba, don kada wani ya tashi sama ya ce tsalle ya yi.

Wannan ɗauri shi ne abin tsoro, domin tsuntsun da aka ɗaure nama ne kawai a ƙasa. Shi ya sa Burtu ba ya yarda a taɓa igiya sai ya zagaya bakin ciyawa da kansa, ya kuma ɗora Shamuwa a kan tsamiya ta yi gadi. In an fara wasa sai ya hau kututture, inda yake ganin fili duka. In ya yi gajeriyar murya, gum, Gauraka ya karkata dama. In ya ja ta, guuum, ya karkata hagu. Gauraka bai taɓa ɗaga kai ya duba hanya ba, kunnensa ne ke gani masa.

Da haka suka cinye ƙauyukan tsuntsaye kaf, sunan Gauraka ya kai har inda bai taɓa zuwa ba.

Wata rana yana shan ruwa a bayan wani dutse, sai ya ji Hankaka da Belbela suna gardama a ɗaya gefen.

"Ke dai ba ki san wasa ba," in ji Hankaka. "Wane Gauraka? Tsarin Burtu ne. Ko Agwagwa aka sa ruwa, in Dinya da Zalɓe na tare mata, tsohon nan na yi mata gum-gum, sai ta taɓa suri."

"Kai, ji tsoron Allah! Ka taɓa ganin mai tsalle irin nasa?"

"Na taɓa ganinsa ba Burtu? Ke kin taɓa gani? To, ki yi mini shiru."

Gauraka ya ɗago kai daga ruwan. Ba fushi ya fara ji ba, tsoro ya ji. Ya lalubi ransa ko zai tuna rana ɗaya da ya ci wasa ba tare da muryar nan ba, bai samu ba. To, in maganar Hankaka gaskiya ce fa? In sunan nan da yake taƙama da shi aro ne?

Mai hankali da sai ya je ya zauna da malaminsa su yi magana. Amma girman kai ba ya barin tsoro ya fito da kamanninsa, sai ya sa masa rigar rashin kunya. Gauraka ya iske Burtu yana murza igiyoyi, ya tsaya masa a kai ko sallama babu.

"Baba Burtu, daga yau kada ka ƙara yi mini gum-gum ɗin nan a fili. Ni ba makaho ba ne."

Burtu ya ɗago ya dube shi. "Wa ya taɓa ka, ɗana?"

"Ba wanda ya taɓa ni! Ni ke tsalle, ni ke shan bangaza, kai kana kan kututture kana cin suna."

"To, na ji. Amma ciyawa ta yi tsawo bana. Duk abin da za ka yi, kada ka yi nisa da fadama."

"Ka ji ko! Ko tafiya ma sai an gaya mini dama da hagu."

Ya juya ya tafi yana kaɗa tukku. Duk abin nan Dila na kwance cikin gamba, ba abin da ya wuce kunnensa.

Da Gauraka ya keɓe, sai Dila ya leƙo daga nesa, ya durƙusa kamar mai gaida sarki. Gauraka ya buɗe fukafukai zai tashi.

"Ranka ya daɗe, ai ni ɗan kallo ne," in ji Dila. "Ba wasanka da ya taɓa wuce ni. Jiya ma saura kaɗan mu yi dambe da Barewa a kanka. Wai ita ce mai cewa in babu Burtu ko faƙon bayan tudu ba za ka iya ratsawa ba."

"Barewa ma ta ji wannan magana?"

"Wa bai ji ba? Ni dai na ce ƙarya ne. Na ce ga ƙannena nan, su tsaya maka a fili, ture kawai, ba cizo. Barewa da Zomo su zama shaidu. In ka taɓa kukar da ke ƙarshen faƙon, bakin kowa ya mutu. Amma in kana jin tsoro, a bar maganar, ba wanda zai ga laifinka."

Tsoro kam yana ji, har cikin ƙashinsa. Tun yana ɗan tsako uwarsa ta gaya masa abin da Dila ke ci. Amma ya auna tsoron haƙoran Dila da tsoron dariyar Hankaka, sai wawan ya ga na biyun ya fi nauyi.

"Gobe da hantsi," in ji shi.

Washegari ya tashi sama ya tsallake tudu, bai gaya wa kowa ba. Faƙon fili ne fetal, ƙasa ja mai tauri, ciyawa ta rufe shi ta ko'ina. Can ƙarshe ga kuka tsaye, kusa da ita kuma wani kwazazzabo mai zurfi cike da sarƙaƙiya. Ba kukan tsuntsu ko ɗaya a wurin. Shirun ya dame shi.

"Ina shaidun?" ya tambaya.

"Suna hanya, ranka ya daɗe. Ka san Barewa da son kwalliya." Dila ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai. "Af, batun ɗaurin nan kuma, ni a ganina a bar shi. Kai kaɗai ne, ga mu da yawa. In ka ɗan taimaka da fiffike, wa zai sani?"

Nan fa ya taɓo inda ke yi wa Gauraka ƙaiƙayi.

"Ni zan yi langa ba ɗauri? Don gobe Hankaka ya ce tashi na yi? Langar da ba ɗauri ai ba langa ba ce. Kawo igiya!"

"A'a, ranka ya daɗe, ni ban so ba..."

"Na ce ka kawo igiya!"

Igiyar kuwa ashe tana nan kusa, a shirye. Dila ya zagaya da ita, ya ja da haƙori har sai da Gauraka ya ji numfashinsa ya tsuke. Burtu bai taɓa ɗaure shi haka ba. Ya ji hucin bakin Dila a wuyansa, mai ɗumi, mai ƙarnin nama.

Sai a lokacin ya dubi ƙasa da kyau. A gindin ciyawa ga gashin zabo warwatse, ga na fakara, ga wani guntun ƙashi da rana ta busar. Ya gwada motsa fiffike, ko gezau.

Ciyawa ta fara motsi. Wani dila ya fito ta dama, wani ta hagu, wani ta baya, wasu kuma idanunsu kawai ake gani. Ba wanda ya naɗe ƙafa a cikinsu. Ba Barewa, ba Zomo.

"Malam Dila," in ji Gauraka, "ai ba su naɗe ƙafa ba."

"Kai dai naɗe taka," in ji Dila, yana lashe baki. "Mu namu wasan daban ne."

Gauraka ya zabura. Abin da zai ba ku mamaki, da ƙafa ɗaya ya zabura! Jikinsa ya saba, in an ɗaure fiffike to ƙafa a naɗe take. Ga mutuwa a bayansa, shi kuwa yana ta langa, yana tsoron sauke ƙafa kada a ce ya fita.

Ya kasa kunne yana jiran gum ko guuum. Ba abin da ya ji sai haki da ƙarar farata a kan faƙo. Ya waiga dama inda Dinya ke tsaya masa, haƙora ya gani. Ya waiga hagu wurin Zalɓe, haƙora ne. Bai san inda hanya take ba, domin bai taɓa koyon dubawa ba.

"Wayyo Baba Burtu!" ya yi ihu. Tudu ya dawo masa da muryarsa.

Wani dila ya kawo cafka, ya tafi da gashin jelarsa. Zafin ne ya dawo masa da hankali, ya sauke ƙafa ya zuba da gudu. Ya goce wa na farko, ya tsallake kan na biyu, ya yi wata irin juyawa da ta sa biyu suka yi karo da juna. Wannan kam ba wanda ya koya masa, nasa ne na kansa. Amma ba tsari, gudu kawai yake yi inda tsoro ya tura shi, su kuwa dilolin da ma can suke kora shi, bakin kwazazzabo, inda hanya ta ƙare.

Ya tsaya a gaɓa. Ƙasa ƙaya, baya haƙora. Ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi ya daka tsalle.

Tsalle ne da ba a taɓa yin irinsa a ƙasar ba, kuma ba mai kallo ko ɗaya da zai ba da labari. Sai dai kafin ya bar ƙasa Dila ya riga ya kai baki, ya datse ƙafarsa ta dama, wadda yake langa da ita. Aka ji ƙas! Gauraka ya fizge, ya faɗa tsakiyar sarƙaƙiya a ɗaya gefen.

Ƙaya ta yayyage shi, amma ita ce ta cece shi, don dilolin sun kasa kutsawa. Suka yi ta zagaye suna leƙe. Shi kuwa ya yi ta goga igiyar a jikin ƙaya, yana kuka, yana jin suna tona ta ƙasa, har kabar ta tsinke. Ya fita ta sama da ƙyar, jini na ɗiga, ƙafa na reto.

Da ya isa gida, Burtu ne ya ɗora masa karan dawa a ƙafar, ya yi jinyarsa. Ƙafar ta warke, amma a karkace. Ko tsayuwa a kanta ba ya iya yi, balle tsalle.

Da lokacin wasa ya zagayo, aka sa Zalɓe ya zama ruwa. Dawakai suka tare, Burtu ya yi gum, ya yi guuum, komai daidai yadda aka saba. Aka buɗe wa Zalɓe hanya sarai, amma kafin ya kai sai ta rufe. Aka cinye su. Aka sa Dinya, aka cinye su. Ƙauyukan da a da ko kusa ba sa zuwa suka riƙa yi musu dariya.

Gauraka na gefe yana kallo. Da fili ya watse, ya ɗingisa ya je wurin tsohon, ya sunkuyar da tukku.

"Baba, ashe ba kowa ne zai iya ba?"

"Ɗana, tun kafin a ƙyanƙyashe ka nake da tsarin nan," in ji Burtu. "Ban taɓa cin wasa da shi ba sai da ka zo. Ina ganin hanya, amma ba ni da ƙafar bin ta. Kai kana da ƙafar, ba ka ganin hanyar."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ka taɓa tambayata?"

Gauraka ya dubi karkatacciyar ƙafarsa, hawaye ya zubo masa. Amsar da ya je nema a bakin Dila, ashe tana gida a kan kututture, kyauta. Ya same ta yanzu, amma ƙafar da zai yi amfani da ita ta tafi.

Darasin wannan labari shi ne, baiwa da koyarwa ba kishiyoyin juna ba ne, kowace tana buƙatar 'yar'uwarta. In Allah ya ba ka hazaƙa, ka gode masa, ka kuma girmama wanda ya nuna maka hanya da waɗanda suka tare maka. In wata magana ta tsorata ka, ka kai ta wurin mai ƙaunarka, kada girman kai ya sa ka miƙa fukafukanka ga wanda ke jiran cin namanka.