Ƙwaryar Zabuwa Mai Zane Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, da ɗuminta.

Ta zo mu ji ta, ko da ƙari a ciki.

Zabuwa dai kun san ta da son yabo. Za a yi suna gidan surukarta, ta rantse sai ta kai fura a ƙwaryar da ba mai iya kushewa. Ta sa ƙarfe a wuta, ta yi wa ƙwarya ɗigo-ɗigo irin na jikinta, ta fita nunawa.

Kunkuru ya jujjuya ƙwaryar ya ce, "Yarinya, wannan ai ƙyanda ce. Kyau gida-gida yake, dubi bayana." Ta koma ta ƙona mata zanen gida-gida.

Kurege ya shafa layin haƙarƙarinsa ya ce, "Yaya, zane ba layi ai ɓarna ce." Ta ƙara layi. Ƙarfe na ci, ƙwarya na sirancewa, ita ko oho.

Ranar suna ta durƙusa gaban surukarta. Kafin ta ce "Inna, ga shi," fura ta bi ɗigo, ta bi layi, ta tsiyaye ƙasa tas. Kunya ta rufe Zabuwa. Kunkuru da Kurege suka haɗa baki, wai ƙwarya mai yoyo ba ta da kyau a idon kowa.

Sai ga murya daga ƙasa. Tururuwa ce, baki duk fura. "Ku dai faɗi naku. Ni tun da aka haife ni ban ga ƙwarya mai kyan wannan ba."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, mai gardama ya je ya samu Tururuwa.