Ranar da Jijiya Ta Cika Kwana Dubu Goma

Inna, ke kika saba zaunar da mutane ki ba su labari, in kin kai ƙarshe ki jefa musu tambaya, ki tashi ki bar su suna musu. Yau kujerar babu kowa. Zan ba da wannan yadda kike yi, kamar na waɗansu mutane ne can nesa, don in na ce namu ne, murya ba za ta kai ni ƙarshe ba.

A wani gari na bakin kogi an yi wata mata, Malama Uwani, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini. Ta gaji da ganin ana bi gida-gida neman mai ba da jini alhali mara lafiya na kwance, sai ta koya wa kanta rubuta manhaja. Ta rubuta wata, ta sa mata suna Jijiya. Aikinta ɗaya ne: ta zauna a kwamfuta guda, wadda ake ce wa uwar garke, ta riƙe sunayen masu ba da jini, da irin jinin kowa, da ranar da ya bayar na ƙarshe. Sauran kwamfutocin asibiti su tambaye ta, ta amsa. Malama ba ta sayar ba. Ta ajiye ta a wani rumbu a intanet, kowa ya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya ba da shawarar gyara. Shi ya sa ko ita kanta ba ta san iyakar inda Jijiya ta kai ba.

A shagon da ta buɗe don aikin Jijiya akwai kwamfuta uku a jere, kowacce da irin babbar manhajar da ke tuƙa ta. Biyu na zamani ne. Ta ukun tsohuwa ce, masu yin ta sun daina waiwayarta tuntuni, Malama na ce mata Goggo. Malama doka ɗaya gare ta: ba a sakin gyara sai dukkan ukun sun amsa. Aikin kwana biyu yakan ci wata biyu, don Goggo ba ta son sabon abu.

Tana da ɗa tilo, Ɗayyabu, wanda karatu ya tsaya masa a aji uku na sakandare, yana facin taya a ƙofar shagon. Tana kuma da ɗalibai uku da suka girma a hannunta: Lurwanu, da Balaraba, da Tanimu.

Malama ta rasu farkon damina, ba ta faɗa wa kowa mabuɗin rumbun ba, wato kalmomin sirrin da sai da su ake iya sa sabon gyara inda kowa zai samu. Bayan wata biyu, wata safiya, Jijiya ta ce babu mutum ko ɗaya da ya isa ba da jini. Ko'ina haka ta faɗa, rana ɗaya. Wayoyi suka yi ta ruri a shago, Ɗayyabu na waje yana ji, ba abin da ya iya.

Lurwanu ne ya gano ciwon. Kwana uku yana bin rubutun Malama layi-layi, har ya iske ta ware wa ƙidayar kwanaki gurbin lamba huɗu kacal. Da kwanaki suka cika dubu goma, ƙidaya ta koma sifili, Jijiya ta ruɗe da ranar kowa. Ya lissafa baya don ya ga daga yaushe ta fara ƙirga, sai ya leƙo ta taga ya ce, “Ɗayyabu, wace rana aka haife ka?” Ɗayyabu ya faɗa. Ranar ce kuwa. Lurwanu ya koma ciki. Shi kuwa Ɗayyabu ya zauna gaban kwanon ruwan da yake tsoma tub ɗin taya don gano huji, yana kallon ƴan kumfa suna tasowa, har ruwan ya kwanta. Ashe duk shekarun nan tana ƙirga shi, bai sani ba. A ranar Lurwanu ya rubuta gyara, ya yi ta aika wa asibitoci arba'in ɗaya bayan ɗaya ta waya. Amma gyaran a kan biyun zamani kaɗai yake tafiya.

Balaraba ce ta ƙi barin Goggo. Da ta kunna ta, ko fitila ba ta kawo ba. Ta shiga kasuwa wurin ƴan gwangwan, masu sayen tarkacen ƙarfe, tana tonon matattun kwamfutoci, har ta samo abin da ya ƙone. Sannan ta zauna ta sake rubuta gyaran Lurwanu da tsohon salo, yadda Goggo za ta fahimta. Mako uku ta yi. In an tambaye ta wa take yi wa, sai ta ce ba ta sani ba. Gaskiya kuwa ta faɗa, don babu wanda ya san ko akwai sauran mai amfani da irin Goggo a duniya.

Tanimu ne ya tuna. Shi hannunsa bai kai na sauran a rubutu ba, aikinsa amsa wasiƙu. Ya ce shekara tara da suka wuce wata unguwarzoma ta taɓa rubuto godiya daga Gungun Marke, wani tsibiri a tsakiyar kogi, ta ce na'urar gwajin jininsu da irin Goggo kaɗai take magana. Lambar da ta bari ba ta shiga. Ya sa gyaran Balaraba a filas, ƴar na'urar ɗaukar bayanai, ya hau mota, ya hau babur, ya shiga kwalekwale ruwa na cike. Ya isa da la'asar, ya tarar da ƙaramin asibitin a hargitse. Wata matar masunci, Kande, ta haihu tana zubar da jini, jininta kuma irin wanda ba a cika samu ba. Tsohuwar unguwarzomar ta bar aiki, sabuwar ba ta san kowa ba, mako uku ke nan tana tsammanin kwamfutar ce ta tsufa. Tanimu ya sa gyara. Suna biyu suka fito. Ɗaya ya tafi fatauci, ɗayan yana bakin ruwa yana ɗinkin taru. Aka kira shi da gudu. Kande ta rayu.

Da Tanimu ya dawo, sai suka zauna a rumfar ƙofar shago, Ɗayyabu na gefensu da taya a cinya. Magana ta koma kan wanda zai riƙe Jijiya in an sami mabuɗi, don wanda ya riƙe ta shi zai yanke makomar Goggo.

Lurwanu ya ce, “Ni in ta zo hannuna, Goggo ta huta. Mako uku ni kaɗai da asibiti arba'in, Hajiyar gwangwan tana can tana yi wa gawa wanka. Akwai asibitin da bai sami gyara ba sai kwana tara, don hannuna biyu ne. Kin san wa ya kwanta a can cikin kwana taran? Ni ma ban sani ba, kuma shi ne ke damuna.”

Balaraba ta ce, “Gawar da ta tashi ta ba Kande jini? Malam sarkin sauri, je ka gaya wa mijinta ba ya cikin arba'in ɗinka. Ka san Gungun Marke nawa ne ba su taɓa rubuto wasiƙa ba?”

“Ke kin sani?”

“Ban sani ba. Shi ya sa ba zan rufe ƙofa ba.”

“In kika yi zazzaɓi fa? Wa ya iya yaren Goggo bayan ke?”



Tanimu ya ce, “Ku biyun nan a kujera kuke faɗa. Ni na ga wurin. A cire ɓangaren Goggo daban, a miƙa wa masu amfani da shi, in bi su in koya musu. Kowa ya riƙe nasa.”

Suka haɗa baki a kansa. Lurwanu ya ce, “Kai da rubutunka sai an bi shi da tsintsiya?” Balaraba ta ce, “Unguwarzoma mai karɓar haihuwa ita kaɗai a tsibiri, ita za ka ɗora wa? Wannan ai jefarwa ce, ka sa mata turare.”

Har aka kira magariba ba su daidaita ba. Ɗayyabu ya saurari kowa, kuma duk wanda ya buɗe baki sai ya ji kamar uwarsa ce ke magana. Tana da saurin Lurwanu in rai na hannu, tana da taurin kan Balaraba, tana da ƙafar Tanimu. Ita ɗaya ta ɗauki ukun, har suka gajiyar da ita.

Shekaranjiya Ɗayyabu yana ninke kayan uwarsa don a rabar, ya ji takarda a aljihun farar rigarta ta aiki. Kalmomi bakwai ne a jere da rubutunta, a ƙasa kuma ta sa: “Ɗayyabu, wannan mabuɗin Jijiya ne. Ka ba mutum ɗaya. In ka raba musu, za su raba ta.”

Takardar na aljihunsa yanzu, kuma bai gaya wa kowa ba tukuna. Ba don Lurwanu ba, da ba a san ciwon ba. Ba don Balaraba ba, da babu abin ɗauka zuwa tsibiri. Ba don Tanimu ba, da gyaran na nan kan tebur ranar da Kande ke zubar da jini.

To jama'a, ku da kuka ji, wa Ɗayyabu zai miƙa wa takardar nan?