Ashana da Kwamfutarsa Mai Jan Ƙafa

Akwai wani mai ɗaukar hoto da bidiyo da ke da ɗan shago a jikin gidansa, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida. Abokan sana'arsa Ashana suke ce masa, domin ƙyastawa ɗaya ya kama.

Aiki kam ya iya, wannan ba mai musu. Amma yana da wani hali da ni dai yake ƙona min rai in na gan shi a jikin babban mutum: ba ya bari a gama magana. Kana tsakiyar bayani a waya zai katse. Matarsa ta ɗauko zance, kafin ta kai rabi ya ce, "Na gane, na gane." Alhali ko kan zancen bai kama ba.

Ko na'ura bai ƙyale ba. In kwamfutarsa ta ɗan tsaya, sai ya danne maɓallin kunnawa ya riƙe har ta mutu, sannan ya sake tayar da ita. Shi yake kiran abin "shaƙe ta". Har tutiya yake yi a gaban kwastoma, wai na'ura sai an nuna mata wane ne maigida.

To a cikin wannan kwamfutar akwai abin da ya fi duk aikin shagon daraja.

Lokacin da rashin lafiyar mahaifinsa ta yi tsanani, tsohon ya ce a kafa masa kyamara a ɗaki, kowa ya fita. Ya daɗe yana magana shi kaɗai. Da ya gama ya ce kada wanda ya kalla sai bayan ransa, kuma sai an taru gaba ɗaya. Allah ya yi masa rasuwa, aka ajiye maganar ana jiran Yaya, babbar 'yar gidan, wadda ke aure a nesa, ta samu hutu mai tsawo.

Ashana ya juye bidiyon a kwamfuta, ya goge memorin kyamarar ya ci gaba da aiki da shi, kamar yadda ya saba. Matarsa ta sha ce masa ya ajiye kwafi a wani wuri. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Na gane."

Ranar da Yaya ta iso, aka tsayar da cewa da yamma za a zauna a falon mahaifiyarsu, Inna, a kalla.

Da safen ranar matar ta shiga shagon shara. Ta tarar da kwamfutar a kunne kamar yadda yake barin ta, amma fankarta na gurnani, ga rubutu a allo cewa ta sabunta babbar manhajarta. Ta taɓa maus, kibiyar ta daɗe kafin ta motsa. Bidiyon Baba, surukin nata, kawai ya zo mata a rai. Ta yi abin da za ta iya, ta ci gaba da shararta.

Shigowar Ashana ke da wuya ya zauna ya buɗe manhajar haɗa bidiyo. Shiru. Ya sake dannawa. Ya buɗe wata, ya buɗe wata kuma. Ɗan zoben nan na jira ya fito yana ta juyawa, kowace taga ta yi fari fat.

Ya juyo ya kalli matarsa da tsintsiya a hannu.

"Wa ya taɓa min kwamfuta?"

"Baban yara, da na shigo na tarar ta riga ta..."

"Ke ce kika danna afdet! Sau nawa zan ce in kin zo shara ki tsaya a ƙasa? Tebur ɗin nan gadonki ne?"

"Wallahi ban danna ba. Amma tsaya ka ji, da na ga ta yi nauyi sai na..."

"Ba abin da zan ji! Yau ɗin da za a kalli Baba, yau kika zaɓa ki lalata min kaya?"

Ku ji fa. Wata da watanni kwamfutar nan tana roƙonsa ya bar ta ta sabunta, shi kuma kullum yana danna "sai an jima". Da ta gaji da jira ta yi abinta da kanta. Ya san da haka sarai, amma ya bar jaki yana dukan taiki.

Da ƙyar ta lallaɓa shi ya kira abokinsa mai gyaran kwamfuta, wanda suka taso tare. Ya sa wayar a lasifika ya jefa kan tebur.

Mai gyara ya saurara, ya yi dariya. "Ashana, kwantar da hankalinka. Ba lalacewa ta yi ba. In ta yi babban afdet, ba a take take gamawa ba, tana can ciki tana ta jera kayanta. Kamar wanda ya tare sabon gida ne, kaya na tsakar ɗaki ka ce ya dafa maka abinci."

"Ni ba karin magana na kira ka ka yi min ba. Me zan yi?"

"Da farko rufe duk abin da ka buɗe, na san ka, ka jibga mata kaya. Sai ka duba wurin da ke nuna aikin da take yi. In ka ga diski ya cika da aiki har wuya, to bar ta a kunne ta gama. In ta lafa, ka yi mata ristat, wato ka sa ta kashe kanta ta sake tashi, ta hanyar da ta dace. Daga baya mu rage manhajojin da ke tashi tare da ita, mu share tarkace, don diskin nan naka ya tsufa kuma ya kusa cika. In gobe ba ta saki ba, na zo na mayar da ita yadda take kafin afdet ɗin. Abu ɗaya dai nake roƙonka, duk abin da za ka yi, kada ka..."

"Na gane."

Ƙit. Ya katse.

Wayar ta sake ƙara, ya kife ta. Ya gwada rufe tagogin, suka ƙi rufuwa da saurin da yake so. Ya buga tebur. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Wani kwastoma ya leƙo da sallama yana tambayar hotonsa, ya daka masa tsawar da ta sa mutumin ya juya bai ko amsa ba.

Jiran da aka ce ya yi, ko shayinsa bai huce ba ya ce ya ishe shi. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur inda akwatin kwamfutar yake, ya ɗora yatsa a kan maɓalli.

Matar ta yar da tsintsiya. "Kada ka kashe! Don Allah, akwai..."

Fankar ta yi shiru. Allo ya yi baƙi.

"Fita min daga shago," ya ce. "Ke da kika ɓata, ke ce za ki koya min gyara? Fita!"

Ta tsaya tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki tsintsiyarta ta shige gida.

Ya kunna. Kwamfutar ta tashi da rubutu ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo cewa tana kan aiki, kada a kashe ta. Ya karanta da idonsa. Ya ɗan jira, ya ga lambar da ke nuna ci gaba ba ta motsi, ya sake shaƙe ta. Da ta dawo da rubutun nan dai, sai ya ga kamar raina shi take yi. Ya kai wa akwatin naushi, ya bi da ƙafa har ya karkace ya bugi bango.

Sai wani sauti ya fara fitowa daga ciki. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Allon bai sake nuna komai ba.

Ana haka mai gyara ya faka babur a ƙofa. Ya gaji da kira ba a ɗauka, ya san halin mutuminsa, ya rufe shagonsa ya taho. Tun daga bakin ƙofa ya ji sautin, fuskarsa ta canza.

"Me ka yi mata?"

"Shaƙe ta na yi, ta ƙi ji."

"Shaƙewa kaɗai ba ta kawo wannan kukan. Duka ka yi?"

Ashana ya kau da kai.

"Kai wane irin mutum ne?" Mai gyara ya ɗaga murya, shi da ba a san shi da faɗa ba. "Abin da nake shirin faɗa maka ke nan ka katse ni! Diskin nan faifai ne yana juyawa a ciki, allura na bin sa. Ka buge shi yana tsakiyar aiki, allurar ta karce shi. Abin da jira kawai zai gyara, ka mayar da shi gawa. Me ke ciki da ba ka da kwafinsa?"

Ashana ya kalli akwatin da ya karkace. Ya ce a hankali, "Bidiyon Baba."

Mai gyara ya durƙusa ya cire wutar, ya jawo akwatin. Sai ya ga wani ɗan filash na ajiye hotuna da bidiyo maƙale a baya, da zare ja a wutsiyarsa.

"Wannan fa na waye?"

Ashana ya san zaren. Na matarsa ne, a ciki take ajiye hotunan yara.

Aka kira ta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Da na ga ta yi nauyi na ji tsoro," ta ce. "Sai na sa filash ɗina na fara kwafe bidiyon Baba. Yana tafiya a hankali, amma yana tafiya. Shi nake ta so in faɗa maka tun safe."

Mai gyara ya sa filash ɗin a tasa kwamfutar. Kyamarar Ashana tana yanka dogon ɗauka gida-gida ne, kuma gidajen farko sun shiga lafiya. Na ƙarshe ne kawai bai samu shiga ba, shi ake shirin kwafewa lokacin da yatsa ya sauka a kan maɓalli.

Da yamma aka taru a falon Inna. Ashana ya yi bayani kansa a ƙasa. Yaya ta taso masa kamar za ta cinye shi.

"Tun kana yaro haka kake! Na bar gidana, na bar 'ya'yana, na yi wannan doguwar tafiyar don in ji muryar ubana, kai kuma ka sa ƙafa ka shure ta? Baban naka ne kai kaɗai?"

"Ya isa," in ji Inna. "Ku sa abin da ya rage mu gani."

Aka kunna. Ga Baba a kan gado, ya rame, amma murmushinsa na nan. Ya fara da Inna, ya nemi gafararta, ya tuna mata abubuwan da su biyu kaɗai suka sani, har ta yi dariya tana hawaye. Ya yi wa Yaya nata. Ya juya kan surukarsa, matar Ashana, ya ce ya ga haƙurinta, Allah ya saka mata.

Sannan ya gyara zama, ya kalli kyamarar sosai.

"Kai kuma, ɗana, na bar ka a ƙarshe don naka ya fi tsawo. Na sha fara maka wannan maganar kana tashi. Yau dai ba ka da yadda za ka katse ni, sai ka zauna na gama. Abin da na daɗe ina so ka sani shi ne..."

Allo ya yi baƙi.

Ashana bai motsa ba. Ya zuba wa allon ido, hannunsa a kan gwiwa, kamar in ya ƙara haƙuri kaɗan tsohon zai dawo ya ƙarasa. Matarsa ta tashi ta kawo masa ruwa ta ajiye a gefensa, ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, ko da ido.

Can ya juya wurin Inna. "Inna, ke kin san abin da zai ce?"

Ta girgiza kai. "Na tambaye shi. Ya ce naka ne, kai zai faɗa wa."

Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kai diskin wurin waɗanda suka fi shi kayan aiki, suka buɗe, suka ce wurin ya karce, ba abin da za a tsamo. An sa wa kwamfutar sabon diski, ta sabunta kanta, ta yi ɗan nauyinta na rabin yini, ta saki, tana gudu kamar ba ita ba.

Har yau filash mai jan zaren yana wurin Ashana. Wani lokaci in shago ba kowa yakan sa shi, ya kalla har inda maganar ta yanke, ya zauna yana jira.

Darasi: Wanda bai iya jira a gama ba, wata rana da hannunsa zai yanke maganar da ya fi kowa buƙatar ji. In kwamfutarka ta yi nauyi bayan ta sabunta, ba ta lokaci ta gama aikinta, kada ka kashe ta da ƙarfi, kuma abin da ba ka da na biyunsa ka kwafe shi tun yau. In kuma mutum ne ya fara maka magana, matarka ce, abokinka ne ko mahaifinka, rufe baki har ya kai aya. Ku tura wa wannan ɗan uwan naku mai "na gane, na gane", ku ce masa ya karanta har ƙarshe.